Bankwanan Farfesa Hatakeyama

A jami'armu ta Numabe, duk malamin da ya cika shekara saba'in sai ya ajiye alli. Kafin ya tafi kuma akan shirya masa laccar bankwana a babban zaure. Tsofaffin ɗalibansa su zo daga garuruwan da neman abinci ya watsa su, ya yi musu jawabi, a miƙa masa furanni, ya rusuna, a rusuna masa, kowa ya share ƙwalla ya kama gabansa. Na halarci irin wannan taro da dama, ban kuma ga wanda ya ba mu ciwon kai ba sai na Farfesa Hatakeyama.

Sunana Nagamine. A lokacin ni ce ƙaramar malama a sashen tarihi, wato wadda ake jibga wa duk aikin da manya suka ƙi. Hatakeyama-sensei, wato malam Hatakeyama a harshenmu, shi ne babba a sashen, dogo siriri, da gira mai duhu wadda ta kusa rufe masa ido. Darasin da aka san shi da shi shi ne tarihin jami'ar kanta, wanda dole ne kowane sabon ɗalibi ya ɗauka. Tarihin ba wani tsawo gare shi ba. Wata mata ce, Numabe Tome, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da keken ɗinki guda, sai ta hau saman shagon shinkafar ƙaninta ta tara 'yan matan unguwa tana koya musu ɗinki da lissafi. Makarantar ta bunƙasa ta koma ginin katako a gindin tudu, bayan yaƙi ta zama kwalejin 'yan mata, can daga baya aka fara ɗaukar maza aka kira ta jami'a. Ni zan iya gama ba da wannan labari kafin shayi ya huce. Amma Hatakeyama-sensei, duk tsawon shekarun da ya yi yana koyar da shi, bai taɓa wuce ranar da Tome ta sayi keke na biyu ba. Zai ɗauko hanya tiryan-tiryan, sai ya ratse kan yadda ake rina zare a wancan zamani, daga zare ya faɗa kiwon tsutsar siliki, daga nan sai ambaliyar da ta tafi da gadar gari, kafin ya dawo kan Tome zangon karatu ya ƙare. Ɗalibai suna zuwa ajinsa ne su rama barci. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan yi maganarsa ƙasa-ƙasa yana kallon taga, kamar mai gudun kada ya tashe su.

Ofishinsa yana cikin tsohon ginin katakon nan na Tome, shi kaɗai ya rage a ciki, kowa ya koma sababbin gine-gine. Shugaban tsangayarmu, Farfesa Usui, ya daɗe yana haƙon wannan gini. Yara suna raguwa a ƙasar nan, ƙananan jami'o'i masu zaman kansu irin tamu kullum cikin farautar ɗalibai suke, shi kuma Usui ya yi imani cewa gini mai gilashi daga sama har ƙasa shi ne tarkon da zai kamo su. Hoton ginin ma yana manne a bangon ofishinsa. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro kawai shi ne Hatakeyama, wanda ya ce ba zai fita ba sai ranar da ya gama aiki. To ga ranar ta zo.

Ni aka sa na aika wa tsofaffin ɗalibai gayyata. Waɗanda suka ce za su zo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya daga cikinsu ma ya ɗauka jana'iza ce, ya aiko da ta'aziyya. Da abin ya tsaya nan da sai mu sauya zuwa ƙaramin ɗaki mu rufa wa juna asiri. Sai ga saƙo daga sama cewa Shugaba da kansa zai halarta. Shugaba shi ne Numabe Shigeharu, jikan Tome, wanda ke riƙe da hukumar da ta mallaki jami'ar. Ya ce yana so ya ji labarin kakarsa daga bakin wanda ya fi kowa saninsa.

Usui ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce zaure fayau a gaban Shugaba abin kunya ne ga tsangaya gaba ɗaya, kuma ginin gilashi yana jiran sa hannun mutumin nan ne. Ɗalibai na hutu, ba a samun su. Ya ce in nemo mutane ko daga ina ne, matuƙar suna da furfura kuma sun iya zama shiru. Za a ba kowa akwatin abincin rana mai gasasshen kifi, zauren kuma akwai ɗumi. Abu ɗaya kawai ake so daga gare su: duk wanda aka tambaya ya ce shi tsohon ɗalibin Hatakeyama ne.

Na ce, "Usui-sensei, in aka gano fa?"

Ya ce, "Wa zai gano? Shi kansa Hatakeyama bai taɓa ɗaga kai ya kalli fuskar ɗalibi ba."

A ƙarƙashin gidan da nake haya akwai gidan wanka na unguwa, inda jama'a ke biya su yi wanka tare, irin na da, mai dogon bututun hayaƙi. Mai shi wata dattijuwa ce, Tsurumi-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, gajera mai kaifin baki, wadda ke zaune a kujera mai tudu a bakin ƙofa ta san shigar kowa da fitarsa. Duk tsofaffin unguwa nan ne majalisarsu. Na same ta na yi mata bayani ina ta kame-kame. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tambayi sunan farfesan, na faɗa mata. Ta gyara tabarau, sannan ta ce wane irin kifi ne. Na faɗa mata. Ta ce in je in kwanta da kunne biyu, zaure zai cika.

Ranar lacca ana ta zuba dusar ƙanƙara, amma tun kafin a buɗe ƙofa suka yi layi. Maza sun zaro kwat ɗin da suke zuwa biki da shi, yana ta ƙamshin maganin asu, mata sun sha kwalliya, wasu da sanda, wasu da ɗan keken da suke turawa suna dogarawa. Da na gan su jere sai na ce a raina asirinmu ya tonu, domin rabinsu sun girmi farfesan da za su ce ya koyar da su. Akwai wani Ogata-san, tsohon mai sayar da kifi, wanda ya doshi casa'in, shi ya kama kujerar gaba dab da ta Shugaba. Usui kuwa farin ciki ya rufe masa ido. Ba ɗan garin ba ne, daga babban birni yake zuwa a jirgin ƙasa ya koma da yamma, bai san kowa ba. Ya riƙa bi yana gaisawa da su, ya kai Shugaba kujerarsa yana gaya masa cewa ga irin ƙaunar da ɗalibanmu ke yi wa malamansu, wasu ma daga nesa suka taso. Shugaba ya dubi zauren, ya gyaɗa kai.

Hatakeyama-sensei ya shigo da takardunsa a hammata, ya hau dandamali, ya ɗaga kai. Ya tsaya yana kallonsu layi-layi, girar nan tana hawa tana sauka. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, shekara da shekaru a gidan wankan Tsurumi-san yake wanka, da zarar an buɗe da la'asar, lokacin ni ina wurin aiki. Mazan nan babu wanda bai cuɗa wa baya ba, babu kuma wanda bai cuɗa masa ba. Ya san tabon aikin asibiti da ke cikin kowannensu. Tsurumi-san ta san da haka tun sa'ad da na ambaci sunansa, ta haɗiye abinta.

Na zaci zai juya ya fita. Sai ya ajiye takardu ya ce yana godiya ga tsofaffin ɗalibansa da suka tuna da shi, wasu ya ga sun girma ƙwarai tun rabuwarsu. Sannan ya nuna kujerar gaba, ya kira Ogata-san da irin kiran da ake yi wa yaro ɗan ajin farko.

"Ogata-kun, har yau ina jiran aikin gidan da na ba ka."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe a hankali, ya rusuna, ya ce, "A gafarce ni, sensei. Na yi shi, sai takardar naɗe kifi ta yanke mini a shago, na naɗe kifi da shi."

Zauren ya ɗauki dariya. Shugaba ma ya dara. Usui ya yi tasa dariyar yana waige-waige, bai san ina aka dosa ba.

Daga nan Hatakeyama ya shiga labarin Tome, kuma abin da na gani ranar ban taɓa ganinsa ba. Da ya ambaci keken ɗinki mai takawa, sai mata suka fara taka ƙafa a ƙasa, domin duk a kansa suka girma. Da ya ratse kan rinin zare, wata ta ce ba haka uwarta ke yi ba, wata ta ce uwar taki ai kowa ya san rininta zuba yake, gardama ta kaure, shi kuma ya tsaya yana raba su yana ƙara zuga su. Da ya zo ambaliya, wani ya ce kakansa ne ya tsamo akuyar gidan limamin wurin ibada daga kogi, wani ya ce ƙarya ne, kare ne. Muryar nan da ɗalibai ke barci da ita sai ga ta tana cika zaure ba tare da lasifika ba. Ashe ba wai bai iya magana ba ne, shekara da shekaru yana ba da labarin zare ne ga yaran da ba su taɓa zura allura ba.

Lokaci ya cika daidai sa'ad da Tome ta ɗaura ɗamarar zuwa birni sayen keke na biyu. Usui ya miƙe da ƙaton ƙunshin furanni ya nufi dandamali. Hatakeyama ya dubi agogo, ya tattara takardunsa, ya ce abin takaici lokaci ya ci mu, za mu ɗora daga nan mako mai zuwa, rana kamar ta yau, a wannan wuri. Ya sauka ta ɗaya gefen ya bar Usui tsaye rungume da furanni.

Shugaba ne ya fara tafi. Ya ce wa Usui ya ji daɗi ƙwarai, bai taɓa sanin kakarsa ta yi faɗa da mai sayar da gawayi ba, kuma a ajiye masa kujera mako mai zuwa.

Usui ya kwantar wa kansa da hankali da cewa abinci ne ya kawo su. Mako na gaba bai sa an kawo akwati ko ɗaya ba. Suka zo da curin shinkafarsu da kayan tsami da butocin shayi, suka kuma taho da waɗanda suka ji labari a gidan wanka suna cizon yatsa. Mako na uku har da matar wani mai gyaran keke da surukarta. Tome ta sayi kekenta, ta dawo da shi a amalanke, amalanken ya kafe a taɓo, aka kwana biyu cikin labarin taɓon.

Watan Maris ya ƙare, a takarda Hatakeyama ya yi ritaya, amma laccar bankwanarsa tana nan tana tafiya, mutum kuwa ba a karɓe masa ofis yana tsakiyar bankwana. Usui ya kai maganar taron malaman tsangaya. Ya tambaya, cikin ladabi, ko akwai iyaka ga tsawon lacca ta ƙarshe. Farfesa Komatsubara na sashen shari'a, wanda ba ya barin gardama ta wuce shi, ya ce ya duba dokokin jami'a, sun faɗi yadda ake fara laccar da wanda zai gabatar da mai jawabi, amma ba su ce komai kan ƙarewarta ba, abin da doka ba ta hana ba kuwa ba a hana shi da baki. Wata malamar adabi ta ce a ganinta kalmar ƙarshe ba ta nufin gajere. Malamin falsafa ya farka ya ce in an bi diddigi kowace lacca ta ƙarshe ce har sai an yi wata. Aka shafe yammaci guda, aka tashi a kan a kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna ya yanke shawarar sake zama. Duk cikinsu babu wanda ke ƙaunar Hatakeyama can-can, amma kallon Usui yana zufa cikin sanyi abu ne da ba kullum ake samu ba.

Hanya ɗaya ce mai sauƙi a gaban Usui, ya je ya gaya wa Shugaba cewa mutanen nan ba tsofaffin ɗalibai ba ne. Amma da bakinsa ya gabatar da su, har ya ƙara gishiri. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai ya koma bin ta bayan gida. Da farko aka ce na'urar ɗumama zaure tana bukatar gyara. Suka zo da barguna da gorunan ruwan zafi, Tsurumi-san ta ba Shugaba aron bargonta mai zanen zomaye, ya lulluɓe gwiwa da shi yana godiya. Sai aka ce zauren an ba wa wani taro, an mai da lacca hawa na can sama a ginin da lif ɗinsa, wato na'urar hawa bene, ya daɗe da lalacewa. Usui ya san gwiwoyin nan ba za su hau ba.

Hatakeyama ya karanta sanarwar a allo, ya sosa gira, ya ce ba komai, kada a wahalar da kowa, akwai ɗaki a ƙasa a gininsa. Ɗakin nan shi ne ainihin ajin ɗinki na Tome, mai shimfiɗar tabarma, an rufe shi tun ina ɗaliba. Tsofaffin suka zo da tsintsiya da tsumma da bokiti, cikin yini guda suka mai da shi kamar na amarya. Wani tsohon kafinta ya gyara tagogin da suka ƙi buɗuwa. Suka zaro wani keken ɗinki daga ƙarƙashin matakala, suka zuba masa mai ya tashi. Ranar lacca Shugaba ya cire takalmi ya shiga, ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya ce yana yaro a wancan lungun kakarsa ke zaunar da shi in ya yi rashin ji. Ya je ya zauna a lungun. Da ma'aikatan kamfanin gini suka zo auna wurin da za su rushe, sai suka tarar da takalman tsofaffi jere a ƙofa da mai jami'a zaune a ciki yana cin gasasshen dankali. Suka naɗe igiyarsu suka koma. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Usui ya sake kirana. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce ni na tara su, ni zan watsa su, in je in gaya wa matar nan wasa ya ƙare. Na je. Tsurumi-san tana kan kujerarta tana linke tawul, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Nagamine-sensei, ke kika sauko nan da ƙafarki kika ce mu ɗalibai ne. Ba mu yi musu ba, muka yarda. Yanzu kuma ki dawo ki ce ba mu ba ne? A shekarunmu ba a sauya wa mutum tarihi sau biyu a damina ɗaya. Ni aji huɗu na yi aka cire ni na zo hura wutar gidan nan. Yau ina zuwa jami'a, jikata tana tambayata abin da aka koya mana. Ki gaya wa mai gilashi ya zo ya yi wanka, zai ji sauƙi."

Na kai masa saƙon, na rage na wankan.

Ana cikin haka Shugaba ya aiko a kira mu, ni da Usui. Muka hau ofishinsa, inda hoton Tome ke rataye tana hararar duk wanda ya shigo. Ya zuba mana shayi da kansa. Ya ce bikin cikar makaranta shekara ɗari yana matsowa, yana so a karrama tsofaffin ɗaliban nan masu aminci, a buga hotunansu, a rubuta shekarar da kowa ya gama. Ya ce a fara da Ogata-san, wace shekara ya gama?

Usui ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce zai bincika. Shugaba ya ce ba sai ya wahala ba, zai taimaka masa. Ya ce sa'ad da aka fara ɗaukar maza a makarantar nan shi kansa ya yi aure har da 'ya'ya, Ogata-san kuwa ya riga ya yi sanƙo, kuma kowace safiya shi ke kawo kifi kicin ɗin mahaifiyar Shugaba. Matar da ke zama bayan Ogata-san ita ta riƙa yi wa Shugaba aski har ya shiga sakandare. Mai bargon zomaye kuwa sun yi faɗa da ita a bakin kogi suna yara, ta jefa shi a ruwa.

Usui ya tashi ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ni ma na bi sahu. Ya ce, da murya kamar ta mai mura, tun yaushe Shugaba ya sani?

"Tun daga bakin ƙofa, ranar farko. Garin nan ƙarami ne, Usui-sensei. Kai kaɗai ne baƙo a zauren."

Ya ce da ya so ya yi magana, amma ya ga Usui yana ta ƙoƙari, sai ya ji bai kamata ya katse wa mutum hanzari ba. Ya kurɓi shayi. Sannan ya ce shekara nawa ana gaya masa babu ɗalibai a ƙasar nan, ga shi Usui ya cika zaure cikin mako guda, wannan baiwa ce, bai kamata a bar ta ta lalace ba. In ba tsofaffin ɗalibai ba ne, to a mai da su sababbi. Za a buɗe sashen karatun dattawa a ginin Tome, Hatakeyama ya ci gaba a matsayin malami na musamman, shugaban sashen kuma ba wanda ya dace da shi sai wanda ya ƙirƙiro shi. Ofishin Usui zai koma can, kusa da na Hatakeyama, don ya fi sa ido.

Ginin gilashin an yi shi daga baya, ƙarami, a filin ajiye motocin malamai, abin da ya sa rabin tsangaya suka daina gaisawa da Usui na wani lokaci. Shi kuwa ya tare a ginin katako. Kwana biyun farko yana shiga kamar mai shiga kurkuku. Amma matan nan suka sa shi gaba, wannan ta ce ya rame, waccan ta ce rigarsa ta rasa maɓalli ta cire masa ita a tsaye ta ɗinka, kullum teburinsa da kwanon wani abu a rufe. Kafin kaka ta shigo ya yi ƙiba, har an fara jin dariyarsa ta bango. Da Hatakeyama dai ba su taɓa zama abokai ba. Suna haɗuwa a baranda su rusuna wa juna, Hatakeyama ya tambaye shi lafiyar gilashi.

Da shekara ta zo ƙarshe, ɗaliban suka aiko wakilai cewa su ba su yarda a raina su ba. Sun ji yaran can sama suna rubuta jarrabawa, su me ya sa ba a ba su? Ko an ɗauka kansu ya toshe ne? Hatakeyama ya ce ai kuwa za su gani. Aka sa rana, ni da Usui muka yi gadi. Ban taɓa ganin satar amsa irin ta ranar ba. Akwai mai rubutu a tafin hannu, akwai mai rubutu a jikin mafici, ga shi ana tsakiyar sanyi. Masu raɗa kuma kunnensu ya yi nauyi, raɗar tasu har waje ana ji. Wata ta tambayi ta kusa da ita shekarar ambaliya, ta gaya mata, ta ce ba ta ji ba, sai rabin aji suka faɗa mata baki ɗaya. Na dubi Usui, na ga ya duƙufa yana karanta umarnin da ke jikin tukunyar kashe gobara.

Bayan mako guda Hatakeyama ya manna sakamako a ƙofar aji. Kowa ya faɗi. Tsurumi-san, wadda ni na ga takardarta kuma babu kuskure ko ɗaya a ciki, ta faɗi. Kafinta ya faɗi. A ƙasan takardar ya rubuta cewa bisa dokar jami'a duk wanda ya faɗi sai ya maimaita darasin baɗi. Suka tsaya suna karantawa, can wata ta fashe da dariya, sauran suka gane, suka shiga taya juna murna suna tambayar wa ya fi faɗuwa warwas.

Mutum ɗaya ne ya ci, Ogata-san, da maki mafi girma. Shi ne wanda ke katse lacca yana cewa ba haka aka yi ba, in kuma bai katse ba to yana minshari. A takardar jarrabawarsa sunansa kawai ya rubuta da zanen kifi. Hatakeyama ya kama hannunsa a gaban kowa ya taya shi murna, ya ce ya kammala, babu sauran abin da za a koya masa, yana iya zama a gida ya huta.

Washegari tsohon ya zo ofishin Usui da kwat ɗinsa na biki, yana buga sanda a ƙasa. Ya ce an zalunce shi, yana ɗaukaka ƙara. Shi bai rubuta komai ba, yana da shaidu, a kan me za a ce ya ci? Usui ya ce a tarihin jami'a ba a taɓa samun wanda ya yi ƙarar cin jarrabawa ba. Ogata-san ya ce to a fara da shi.

Dole aka tara malamai. Komatsubara ya ce doka ta ba ɗalibi damar ƙalubalantar makinsa, ba ta ce sai sama kawai ake ƙalubalanta ba. Aka kira Hatakeyama ya kare kansa, ya ce zanen kifin ya nuna zurfin fahimta. Aka zagaya da takardar hannu-hannu, malamar adabi ta ce kifin ma bai yi kama da kifi ba. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da Ogata-san da gagarumin rinjaye. Ni aka aika in gaya masa. Na same shi a benci a ƙofar gidan wanka da tawul a wuya. Ya saurara, ya sa na maimaita da ƙarfi don na kusa su ji, sannan ya tashi ya shiga ciki yana gaya wa kowa cewa shi ma ya faɗi.